Ramin da muka haƙa wa maƙwabcinmu

Ina cikin noman dawa da hantsi na ɗaga kai na hango 'yar maƙwabcinmu tsaye a gaɓar tura'a, babbar magudanar ban-ruwa, takalmanta a hannu, laka har ƙwauri. Ba ta kira ni ba. Jira ta yi har na ajiye fartanya na tako wurinta, sannan ta ce da Larabci, "Kawu, abokinka ya tafi da asuba."

Na ce inna lillahi, domin shi bakina ya saba. Addu'ar da ke bin bayanta, wadda muke yi wa kowane mamaci, ban yi ta ba. Ban san ko ana yi wa irinsa ba. Na tsaya ina kallon lakar ƙafafunta, ita kuma tana jiran in ce wani abu. Abin da na iya cewa shi ne, "Zazzaɓin ne?" Ta ce shi ne.

Mutumin Duwatsun Nuba ne, Kirista. Yaƙi ya koro shi yana saurayi, ya sauka a kambon da ke ƙetaren tura'a, bukkokin 'yan ƙwadago waɗanda ba su da gona ba su da fili. Ƙauyenmu ma da haka ya fara. Kakanninmu sun taso daga yamma da niyyar Makka, guzuri ya ƙare, suka tsaya tsinkar auduga don su ƙara, ba su ƙara gaba ba. Bambancinmu da mutanen kambo shi ne mun riga su zuwa, mun samu mun gina ɗakunan ƙasa da masallaci.

Ni da shi hawasha ɗaya muke nomawa, gonar ban-ruwa ta wani Balarabe da ya koma Saudiyya, a raba amfani idan an girbe. Yana kirana "ya Fallati", yadda ake kiran mu mutanen yamma a nan, ina kiransa "mutumin dutse". Hausar da ya fara koya zagi ce, kuma da ita yake gaishe ni kowace safiya. Audugar da muka tsinka tun muna samari ba mu taɓa sanin inda take kwana ba. A ce mana farashi ya faɗi a wata ƙasa, sai mu ga faɗuwar a tukunyarmu. Masaƙar garin Hasahisa ta yi shiru, kasuwa ta cika da gwanjo. Wata rana ya zo gona da riga mai rubutun Turawa a ƙirji, ya ja ta da yatsu ya ce, "Duba, ya Fallati. Audugarmu ce ta je yawon duniya ta dawo. Sai dai wani ƙato ya riga ni sa ta."

Da noma ya daina riƙe gida, samari suka watse. Wasu haƙar zinariya a arewa, wasu Libiya, wasu Saudiyya. Ɗansa namiji tilo ya bi ta Libiya ya ƙetare teku. A ƙauyenmu sai aka wayi gari idan an yi rasuwa babu isassun hannuwan haƙa kabari. Ban tuna wanda ya fara kiransa ba, ina jin ma ba a kira shi ba. Ya ji an yi mutuwa, ya saɓo diga ya zo. Daga nan ya zama ba a haƙa sai da shi. Ya iya kabarinmu kamar a cikinmu aka haife shi: babban rami daga sama, siririn rami a cikinsa daidai mutum a kwance ta gefen dama, fuska ga alƙibla. Idan an zo da gawa sai ya fito, ya kakkaɓe jikinsa, ya tafi gindin wata ƙaramar bagaruwa can gefe ya tsaya da hularsa a hannu har a gama salla. In an fara mayar da ƙasa ya dawo. Shi ya haƙa na mahaifina. Shi ya haƙa na 'yata ta biyu, wadda ba ta kai yaye ba, kuma ranar bai bar ni na taɓa diga ba.

Na bi 'yarsa zuwa kambo. Kiristocin da suka rage a can ba su da yawa, yawancinsu sun tafi tun da aka raba ƙasar nan biyu, kudu ta ɓalle. Akwai matarsa, da wasu tsofaffin mata, da wani dattijo mai ido ɗaya wanda yake yi musu karatu ranar Lahadi a ƙarƙashin rumfa. Maƙabartarsu tana can gari, kusa da kanisa, wato cocinsu. Amma tsakiyar damina ce, an kwana biyu ana ruwa, kuma wanda ya san baƙar lakar yankinmu na Jazira ya san ko tarakta ba ta fita a irin wannan rana. An kira limamin kanisa a waya, ya ce ba hanya, su binne shi inda suka samu, zai yi addu'a daga can.

Inda suka samu. Duk ƙasarmu shimfiɗe take kamar tabarma, ka haƙa kamu biyu da damina ruwa ya taso maka. Tudu ɗaya ne a yankin, kuma a kansa maƙabartarmu take, kewaye da shingen ƙaya.

Matarsa ba ta roƙe ni ba. Tana zaune bakin bukka, ta ce kawai, "Kai ne ɗan'uwansa a nan. Kada ku sa shi cikin ruwa."

Bayan azahar na tsayar da mutane a ƙofar masallaci na faɗi buƙatar. Na ce kusurwa ɗaya, can ƙarshen shinge, inda ba kowa.

Wani tsoho mai sayar da albasa ya ce, "Mi za a tsaya shawara? Rabin waɗanda ke kwance a tudun nan shi ya gyara musu makwanci. A ba shi."

Wani da bai daɗe da dawowa daga Saudiyya ba ya ce, "Baba, wannan ba maganar kirki ba ce, maganar hukunci ce. Ba a haɗawa."

"Da yana haƙa na uwarka ba ka ce ba a haɗawa ba."

"Haƙa daban, kwanciya daban."

Liman mutum ne mai sanyin hali, kuma sun sha shayi da mamacin ba sau ɗaya ba. Ya ce abin da ya karanta shi ne kowa da maƙabartarsa, ba zai faɗi abin da bai karanta ba. Amma ya ce binne maƙwabci hakki ne a kanmu, ko wane ne shi, kuma ba za a bar shi ya kwana ba. Sai mai unguwa ya faɗi abin da kowa ya sani ba wanda ya so faɗa. Tudun ba namu ba ne. Larabawan ƙauyen gaba ne suka ara wa kakanninmu, da baki, kuma har yau in rai ya ɓaci sukan tuna mana. Ya ce, "In suka ji mun sa wanda ba Musulmi ba, gobe mu ma sai mu nemi inda za mu kai namu. Matattunmu ma baƙi ne a nan."

Na so in ƙara magana, na duba ba ni da wata bayan wadda na faɗa. Aka tsaya a kan a haƙa masa a bayan shinge, jikin ƙaya, inda tudun ya fara gangara. Wannan gefen yana cikin filin da wani kamfani na ƙasar waje ya karɓa haya yana shuka ciyawar dabbobi, ana ɗaure ta ana kaiwa tashar jirgin ruwa, shanun wata ƙasa su ci. Aka je wurin maigadinsu. Ya ce, "Ku binne, ban gani ba. Amma ranar da tarakta ta zo, ba ni ke tuƙa ta ba."

Al'adarmu, kafin a sa diga a ƙasa, wani yakan je gidan rasuwa da karan dawa ya auno tsawon mamaci. Ranar ba wanda ya je. Aka dubi juna, aka dube ni. Ni kuwa ban iya komawa in tsaya gaban matar nan in ce mata bayan shinge ba. Na aika mata da saƙo ta bakin wata mata cewa an samu wuri a tudu, su taho da la'asar. Ga masu haƙa kuma na ce ba sai an auna ba, na san tsawonsa, ya fi ni da tafin hannu. Na kwanta a ƙasa aka ja layi, aka ƙara tafin hannu.

Ban taɓa ganin an haƙa kabari da irin wannan himma ba. Har wanda ya dawo daga Saudiyya ya tuɓe jallabiya ya karɓi diga. Kowa yana so ya yi wani abu da hannunsa. Mai albasa yana zaune a bakin rami yana ba da umarni.

"Kai, gyara wancan gefen. Da shi ne a ciki da ya zage ka."

"Da wace Hausar?"

"Da wadda ya iya."

Aka yi dariya kaɗan, aka daina. Muka fitar da babban rami, muka sassaƙe bangonsa sumul. Muka fitar da siririn a ciki, muka daidaita shi da alƙibla, liman ya duba ya ce ya yi. Aka kawo itacen rufi aka jera, aka kwaɓa laka. Kabari ne mai kyau. Na tsaya a kansa na ji wani abu kamar sauƙi, na ce a raina ko ba komai mun yi masa irin wanda yake yi mana.

Da la'asar muka hango su. Amalanken jaki ne, jakin yana nutsewa, matan suna turawa daga baya, dattijon mai ido ɗaya yana ja. Muka ruga muka taya su. Sai da na kai hannu na ga abin da ke kai. Mu a kan gadon igiya muke ɗauko mamaci, a naɗe da likkafani. Wannan akwati ne. Sun cire ƙyauren bukkarsa, sun haɗa da katakon wani akwatin injin ban-ruwa da kamfanin ya yar, har da rubutun wata ƙasa da zanen laima a jikinsa. Tun safe dattijon da matan suke bugawa da ƙusoshin da suka ciro suka miƙe da dutse. Yana da faɗi, domin mutumin a rigingine yake kwance a ciki, hannuwansa a ƙirji.

Muka sauke shi a bakin rami. Ko yaro ya duba ya san ba zai shiga ba. Siririn ramin da muka ɓata lokaci muna gyarawa bai kai rabin faɗin akwatin ba.

Shekarun da mutumin nan ya yi a cikinmu sun isa a haifi yaro ya yi gemu. Ya san inda kan mamacinmu yake kallo, ya san lokacin da zai matsa ya ba mu wuri. Mu kuwa, mu duka, har ni da muke cin abinci a kwano ɗaya a gona, ba wanda ya taɓa tambayarsa yadda ake binne nasu. Ba ƙi muka yi ba. Bai taɓa zo mana a rai ba cewa akwai abin tambaya.

Wani daga baya ya ce a hankali, da Hausa don kada su ji, "A fito da shi mana, a sa shi yadda muke sa namu."

Matar tana jin Hausa. Ta ɗora hannu a kan akwatin ta ce, "Ƙofar ɗakinsa ce. Bai taɓa mallakar ƙasar da ɗakin yake kai ba, amma ƙofar shi ya saya. Ku bar shi da ita."

Dattijon ya zagaya ramin da idonsa ɗaya, ya dubi inda rana take fitowa, ya ce su ƙafafu suke juyawa can, don in an tashe su su tashi suna kallon hasken. Ya dubi sama. Hadari ya riga ya haɗu ta kudu. Ya ce, "Ba komai. Allah zai san inda zai juya shi. Ku faɗaɗa kawai."

Liman ne ya fara shiga. Ya naɗe rawaninsa ya miƙa wa wani, ya karɓi diga, ya shiga rushe kafaɗun da muka sassaƙe. Muka bi shi. Abin da muka gyara da kyau muka farfasa da gaggawa, ƙasa tana zubowa, bango ya karkace. Ta gefen gangare, da muka ci gaba, ƙasar ta fara yin duhu, sannan ta fara tsattsafo da ruwa. Ba mai yawa ba, amma na gani, matar ma ta gani. Na kwashe itacen rufin da muka tanada na shimfiɗa a ƙasan ramin don akwatin ya hau kai.

Ana cikin haka wayar 'yarsa ta yi ƙara. A tudun ne kawai waya take kamawa sosai. Ɗansa ne daga ƙetaren teku, ta hoto. Yana sanye da rigar aiki mai ƙyalli, a bayansa wasu manyan kwalaye jere har sama, ya ce an ba shi ɗan lokaci ne kawai. Ta ɗaga wayar tana nuna masa akwatin, da ramin, da mutane. Yana kuka yana yi mana godiya ɗaya bayan ɗaya, yana kiran kowa da baba. Sai hannunta ya juya, ya ga shingen.

Ya ce, "Kawu. Kawu, ƙayar nan a bayanku take ko a gabanku?"

Yaron nan a tudun nan ya sha kawo wa ubansa ruwa. Ya san wurin. Na karɓi wayar, na ga fuskata ƙarama a kusurwa, duk laka. Na ce, "A jikinta yake, ɗana. A jikinta sosai."

Ya ce, "To." Wani ya kira shi da wani harshe, hoton ya ɗauke.

Muka sauke akwatin da igiyoyin jaki. Ya zauna a karkace kaɗan. Dattijon ya buɗe littafinsa, matan suka matso, sai muka ga ashe yanzu mu ne ya kamata mu ba da wuri. Ba wanda ya ce mu tafi can, ƙafafunmu ne suka kai mu gindin bagaruwar. Ban taɓa tsayawa a wurin ba. Ba ta da inuwar kirki, ƙasanta duk ƙaya da tururuwa, kuma daga nan ba ka jin abin da ake faɗa a bakin kabari, sai dai ka ga bayan mutane. Matan suka ɗauki waƙa da harshensu, muryoyin tsofaffi, iska tana kwashe rabi. Mai albasa ya cire hularsa, ya dubi sauran, ya mayar, ya sake cirewa. Ni na rasa yadda zan yi da hannuwana. Liman yana motsa leɓe, ban tambaye shi abin da yake karantawa ba.

Da suka gama muka dawo muka mayar da ƙasa. Ruwan ya sauko muna kan tarawa. 'Yarsa ta ɗaure itace biyu a gicciye da gefen mayafinta ta kafa a wajen kai. A hanyar komawa mutanenmu suna ratsawa gaban matar ɗaya ɗaya, kowa ya ce mata ta yi haƙuri, ya tsaya nan. Matata ce, da ta kai musu tuwo da yamma, ta rungume ta ta ce, "Allah ya jiƙansa," da ƙarfi, ba ta nemi izinin kowa ba. Da ta dawo ta ce mini, "Malam, in laifi ne a rubuta mini."

Kwana kaɗan bayan haka matar ta zo har gida. Ba ta yi maganar ruwan ba, ba ta yi maganar shinge ba. Ta ce abu ɗaya take so, a kewaye shi da abin da tarakta za ta gani ta kauce. Ƙaya ba za ta yi ba, ana kwashe ta a ƙona. Na ce da na girbe dawa zan kafa masa ƙarafa in ja waya.

Na je wurin mai unguwa na ce ko za a matso da shingenmu taku kaɗan ya haɗa da shi. Ya ce in bari ƙura ta kwanta. Da rani tarakta ta zo. Direban wani saurayi ne, ya ga itacen ya zagaye, ya bar ɗan tsibiri a bakin huɗa. Na je na yi masa godiya, ya ce shi ba kullum ake turo shi nan ba. Na samo ƙarafa huɗu a kasuwar Hasahisa, tsofaffin bututun ruwa, na ɗauko su a amalanke na jingine a bayan ɗakina. Waya ce ta rage, da siminti kaɗan. Na ce sai kasuwa mai zuwa.

Sai yaƙi ya iso Jazira. Muka fita da abin da hannu zai ɗauka, muka yi kudu, har garin Rusairis, inda ƙanwar matata take aure. Mutanen kambo sun riga mu fita, ban san ta inda suka bi ba. Lambar 'yarsa ba ta shiga. Ɗan ya kira ni sau ɗaya, yana tambayar uwarsa, na ce ban san inda take ba. Bai tambayi kabarin ba, ni ma ban tayar ba.

A nan ina taya wani mutum aikin lambu a bakin kogi. Akwai Kiristoci a unguwar, mutanen kudancin Nilu. Kwanan baya aka yi musu rasuwa, na bi su daga nesa har maƙabartarsu, na tsaya na kalli yadda suke yi tun daga farko har ƙarshe. Wani ya tambaye ni ko na san mamacin, na ce a'a. Yanzu na san faɗin ramin, na san inda ƙafafu suke kallo.

Waɗanda suka leƙa ƙauye sun ce ɗakina yana tsaye, an cire ƙofa da rufin kwano. Na tambayi ɗaya ko ya duba bayan shingen maƙabarta, ya ce ciyawa ta rufe ko'ina, bai lura ba. Ƙarafan, ya ce, suna nan jingine inda na bar su. Har yau ban kewaye kabarin ba.